Biyu a Rami Ɗaya

Mu arba'in da ɗaya muka shiga ruwan Mayo Bula
ranar da aka yi mana baftisma.
Mata na rangaɗa guɗa a kan yashi.
Mai wa'azin da ya zo daga Marwa
ya rubuta sunayenmu, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya tafi.
Ban ga laifinsa ba, ƙauyuka goma sha huɗu ke jiransa.

Damina biyu bayan nan
mu tara ne a kan bencin majami'a.
Ba wanda ya kori sauran.
Wani ya koma gindin tukunyar burukutu,
wani ya binne ɗansa, ya rasa mai nuna masa
yadda ake kuka a gaban Allah.
Ni kuwa Littafin na ƙarƙashin matashina,
kamar mai fartanya da bai san hanyar gona ba.

Sai Baba Jonwe ya tare ni a ƙofa.
Bai tambaye ni ina na shige ba.
Ya ce, "Gobe da asuba, fadamar masakwa.
Ka zo da gwangwani."

Ruwan sama ya riga ya ɗauke,
baƙar ƙasa ta soma tsagewa,
dutsen Mindif na tsaye can kamar haƙorin tsohuwa.
Shi ya soka dagi, ni in zuba ruwa,
ya datse kan ganye, ya sa dashe biyu a rami.
Na ce, don me biyu?
"In ɗaya ta suma, 'yar'uwarta ta yi mata inuwa."
Na ce, ganyen fa, me ya yi maka?
"Mai yawan ganye rana ke ci. Saiwa tukuna."

Idonsa ya gaji, ni ke karantawa da yamma.
In na kai wata aya sai ya ɗaga hannu:
"Tsaya nan. Wannan ta taɓa cizona."
Ya ba ni labarin cizon.

Na ga ranar da awakin maƙwabci suka yi masa ɓarna,
ya ba su ruwa kafin ya kora su gida.
Na ji ya ɗaga wa Iya Marta murya a kan gishiri,
na kuma gan shi, tuwo bai huce ba,
yana roƙon gafararta, ni ina zaune.
Kunya ta kama ni, shi ba ta kama shi ba.

Ran kasuwa na haɗa tsohuwar dawa da sabuwa,
na ci sefa dubu biyu a kan wata bazawara.
Bai ce uffan ba sai da muka kai rabin hanya.
Ya sauke kayansa.
"Ƙafata na ciwo, amma zan raka ka."
Muka juya.
Ban taɓa jin wa'azi mai tsawon wannan hanya ba.

Bara muka sa shi a ƙasa, masakwa na fid da kai.

Jiya an sake cika bakin Mayo Bula,
ashirin da shida, riguna sharkaf.
Ana guɗa, ni ina ƙirga.
Can gefe wani yaro, Filimon,
na matse rigarsa shi kaɗai,
yana duban babur ɗin da ke shirin tashi.

Abin da na sani bai cika tafin hannu ba.
Har yau fushina na riga addu'ata fita.
Dagin ma ya fi nauyi yanzu da babu mai shi.
Duk da haka na taka yashin, na tsaya kusa da shi.
Na ce, "Kana da gwangwani a gida?"